Sawun Lauje

A fadamar Hinna, ƙasan madatsar Dadin Kowa,
ranar da shinkafa ta sunkuyar da kai,
lauje ya bar kara ya nemi ƙafata.
Ba wani yanka ba ne, tsawon ɗan yatsa.
Na ɗebi laka na toshe masa baki,
Gambo ya tsiyayo baƙin mai daga injin ban ruwa,
ya ce haka babansa yake yi.
Muka koma aiki. Hantsi ba ya jiran mai ɗingishi.

Kwana uku, ƙafa ta zama tulu.
Takalmin roba ya ƙi ni.
Kaluluwa ta fito kamar ƙwan zabo,
zazzaɓi ya shimfiɗa tabarma kusa da tawa.

Manu, ɗana, shi ya riƙe min sanda
har ɗakin shan magani.
Sista Lantana ba ta yi faɗa ba.
Da ta yi, da na fi jin sauƙi.
Ta shinshina, ta dube ni ta saman tabarau:
"Malam Inuwa, ƙafa ka kawo ko inji?"

Ta wanke hannu har na ƙosa,
tsakanin yatsu, ƙarƙashin farce,
sannan ta karkata ruwan gishiri.
Laka ta fita, mai ya fita, mugunya ta biyo baya,
ni kuwa ina cizon hula
don kada yaro ya ji muryar da bai san ni da ita ba.

Tana wanki tana magana:
"Fata katanga ce.
Ta tsage, kai kuma ka kira ɓarawo ka ba shi masauki.
Jikinka na da nasa masu gadi,
sai dai ba sa tsaro da yunwa:
ba su wake, ba su zogale, ba su barci.
Gobe in ka yanke, ruwa mai tsabta da sabulu,
wankakken ƙyalle, ka danne har jini ya tsaya.
Ba toka, ba kashin shanu, ba man birki."

Ta zare biro daga aljihu
ta kewaye kumburin da shuɗin layi.
"In ja ya tsallake wannan iyakar,
ko tsakar dare ne, buga min ƙofa.
Ƙwayoyin nan, ka shanye su duka,
ba sai ka ji dama ka ajiye saura ba."

Da ta ɗauko allura na ce a yafe min.
Ta yi shiru, tana kallon taga.
"Babana maƙeri ne a Deba.
Ƙusa ce kawai ta soke shi.
Kwana tara haƙoransa suka datse,
ko ruwa ba mu iya ɗura masa ba.
Miƙo dantse."
Na miƙa.

Har mun kai ƙofa ta cire hular Manu.
Makero, zagaye uku, kamar sawun kwabo.
"Aska ɗaya wanzami ke yi wa yaran unguwa?
Saya masa tasa. Hularsa tasa, mataji nasa.
Wannan na sha ne, na makonni,
ko gashi ya tsiro kada ku tsaya."

Ja bai tsallake layin ba.
Kullum da asuba nakan duba shi da tocila
kamar mai duba kan gona bayan ambaliya.

Bana ma shinkafa ta sunkuya.
Tabon na nan, siriri, fari kamar jinjirin wata.
A jakata akwai gutsuren sabulu da gorar ruwa.
Jiya lauje ya lashi yatsan Gambo,
ya juya yana neman galan ɗin mai.
Na riƙe masa hannu.
Na ce, "Yatsa ne, Gambo, ko inji?"